Gyaran Da Na Yi Wa Aikin Auta

Malam Edita, kafin masu karatu su wahalar da kansu wajen neman wawan da ke cikin labarin nan, bari in sauƙaƙa musu: ni ne. Kuma ba yaro ba ne ni, dattijo ne mai furfura har a gira, wanda jikoki ke durƙusa wa. A lokacin da abin ya faru ina fawa a Garwa, ina da tebur a kasuwa, ina da wurin tsayawa a abatuwa, wato mayanka, tun gashin kaina yana baƙi. Abin da ya bambanta ni da sauran mahauta, a ganina, shi ne boko. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji biyar kafin mahaifina ya zo ya janye ni ya miƙa mini wuƙa. Wannan aji biyar ɗin na riƙe shi kamar digiri. Ni ke karanta wa abokan sana'a takardar likitan dabbobi, ni ke amsa wa jandarma da Faransanci idan sun tare motar shanu, ko da yake rabin abin da nake faɗa ni kaina ban san inda ya dosa ba. Har suna suka sa mini, wai Farfesa, kuma Allah shaida ne na daɗe ina amsawa da fara'a kafin in gane tsiya suke yi mini.

Autata mace ce, kuma ita kaɗai ce cikin 'ya'yana ta yi nisa a karatu. Ta shiga makarantar koyon kula da lafiyar dabbobi. A shekararta ta farko aka koya musu wani darasi mai dogon suna, biyostatistik, wanda ta fassara mini da cewa ƙirga cuta ne da lafiya don a san gaskiyar abu, ba wai a tsaya kan ji-ta-ji-ta ba. Na ce mata ashe ƙirge ne kawai, da sun kawo mini na koya musu kyauta. A ƙarshen darasin kowane ɗalibi sai ya fita ya tattaro bayanai da hannunsa, ya shirya su a kwamfuta, ya taƙaita, ya kai wa malami. Wanda aikinsa ya karɓu ya wuce aji na gaba da 'yan uwansa, wanda bai karɓu ba ya zauna. Ita sai ta zaɓi abin da ke ƙofar gidansu, wato tsutsar hanta a shanun da ake yankawa a abatuwarmu. Tana son ta gano shanun wane yanki ne suka fi ɗauke da ita.

Haka ta riƙa bina kowace safiya, da farar riga da takalmin roba da damin takardu. Duk dabbar da aka kayar sai ta tambayi dillali daga ina ta fito, Lagdo ko Bibemi ko can arewa wajen Mindif. Ta rubuta namiji ce ko mace, ta buɗe baki ta duba haƙori, in mace ce ta duba ko an samu ɗan tayi a cikinta, sannan ta sa a yanka mata hanta ta leƙa. Ranar farko da ta kira ni in gani, na je ina dariya, don ni da hanta mun san juna tun ba a haifi uwarta ba. Na san hanta mai ƙaras-ƙaras a bakin wuƙa, na san yadda ake yanke wurin da ya yi fari a jefa wa karnuka, sauran a ɗora a tebur. Amma ban taɓa tsayawa na kalla ba. Yarinyar nan ta tsaga hanyar maɗaciya a tsaye, ta matsa da babban yatsa, sai ga su suna zamowa ɗaya bayan ɗaya, masu faɗi kamar ƙananan ganye, ruwan toka, suna miƙewa suna naɗewa cikin wani baƙin ruwa mai yauƙi. Ta ɗora ɗaya a bayan hannuna. Tana da rai, Malam Edita. Na ji tafiyarta a fatata. Na daure na yi murmushin manya, na ce ai wannan nama ne ya ƙaru, amma ranar ko koko ban sha ba.

Da yamma takan zauna a tsakar gida ta buɗe kwamfuta ta shigar da abin da ta rubuto. Ni kuma nakan jawo kujera in zauna kusa, wai ina duba mata aiki. Shafin nata gidaje ne ƙanana a jere, kamar saƙar raga, suna ce masa tablo. Ta yi mini bayani, kuma wallahi ta yi shi dalla-dalla, ba zan ɗora mata laifi ba. Ta ce kowane layi da ya kwanta dabba ɗaya ce, daga garinta har hantarta. Kowane layi da ya tsaya kuma tambaya ɗaya ce. Inda akwai tsutsa sai ta sa ɗaya, inda babu ta sa sifiri, haka ma wajen ɗan tayi. Ta ce idan ta gama, akwai wani shafi a baya da zai ƙirga da kansa, ya gaya mata kashi nawa cikin ɗari na shanun kowane gari ke da cutar, har ya zana sanduna, dogo da gajere. Ina gyaɗa kai ina cewa wi, wi, wato e da Faransanci, alhali hankalina yana kan wani abu dabam da ke damuna. Layin hanta ya yi mini muni. Ɗaya, sifiri, sifiri, ɗaya, sifiri, duk a cakuɗe kamar kayan cikin da ba a wanke ba.

Sai ka yi fawa za ka gane wannan ciwo. Mu a sana'armu, mutuncin mutum yana kan teburinsa. Da an fiɗe dabba, kai ya tafi wajen kawuna, ƙafa wajen ƙafafu, tumbi da tumbi, hanta da hanta, mai kyau gefe guda, mai shakku gefe guda. Mahaucin da ya bar kayansa a hargitse, ko kare ba ya ganin girmansa. Da wannan ido na kalli aikin 'yata, na ce a raina yarinya tana da ƙoƙari amma ba ta da tsari. Wata rana kuma, don ta faranta mini, ta nuna mini wani maɓalli da in an danna sai shanun su jeru gari-gari, na Bibemi wuri ɗaya, na Lagdo wuri ɗaya, sannan ta mayar da su yadda suke. Na ga maɓallin, na riƙe shi a kaina. Abin da ban gani ba shi ne kafin ta danna sai da ta shafa shafin gaba ɗaya ya canja launi.

Ranar da ta gama shigar da dabba ta ƙarshe, ta yi hamdala, ta tafi gidan yayarta barka da haihuwa ita da uwarta. Ta bar kwamfutar a buɗe a kan tabarma. Na dawo daga la'asar na tarar da ita tana haske, gida ba kowa. Na sa tabarau. Na kama wannan abin da suke ce wa ɓera, na kai shi kan layin hanta, shi kaɗai, na danna maɓallin nan. Injin ya fito da wani ɗan akwati yana yi mini tambaya da Faransanci, layi biyu ko uku. Yanzu na san gargaɗi yake yi mini, yana cewa Malam, ka tabbata wannan layin kaɗai za ka motsa ka bar sauran? To amma wa zai tsaya karanta tambayar inji? Na zaɓi ɗaya daga ciki na wuce. Nan take duk sifirai suka hau sama, duk ɗayoyi suka gangara ƙasa, tsaf, kamar teburina da safe. Daɗi ya kama ni. Na matsa layin ɗan tayi na yi masa irin wannan gata. Da na zo rufewa ya sake tambaya ko in ajiye, na ce wi da ƙarfina. Na tashi ina jin na yi wa 'yata abin da ko malaminta bai yi mata ba. Ban gaya mata ba, don ina jira sai an yabe ta in fito in ce aikin Farfesa ne.

Saura takardun. Damin nan da ta riƙa cikewa a abatuwa ya sha jini da ruwan tumbi, yana ajiye a lungun zaure, ƙudaje sun mai da shi unguwa. Uwargidana ta yi ta mita a kan warinsa. Na tambayi Auta ko ta gama da su, ta ce duk ta shigar, tana nufin ta gama kwafa, ni kuma na ji abin da nake son ji. Wanda ya san kasuwa ya san darajar takarda a wurin mai nama. Na kwashe su na kai tebur. Cikin 'yan kwanaki aikin wata da watanni ya watsu a Garwa, wani ya tafi da tsoka a ciki, wani da ƙashi, ragowar na ba mai tsiren da ke bakin titi.

Ita kuwa da ta tashi haɗa rahoto, lokaci ya ƙure mata, ba ta sake bin dogon shafin nan har ƙasa ba. Ta buɗe shafin baya ta kwashi sakamako. Da muna cin abinci ta ce abin ya ɗaure mata kai, wai shanun Lagdo, waɗanda ke kiwo a bakin ruwa inda katantanwar da ke yaɗa tsutsar take, sun fito kusan tas, su kuwa na wajen Mindif, ƙasar dutse da fari, su ne cutar ta cinye. Ta ce anya kuwa? Nan ne ya kamata in ji gabana ya faɗi. Maimakon haka na gyara zama na ce mata lissafi ba ya ƙarya, ta gano abin da manya suka kasa ganowa ne, ta kai kawai. Ban tsaya nan ba. Washegari na shiga kara, kasuwar shanu, ina shela cewa bincike ya tabbatar da shanun Lagdo sun fi na ko'ina lafiyar hanta, kuma a gidana aka yi binciken. Dillalan Lagdo suka yi ta sa mini albarka. Wani dattijon Bafulatani da ke kawo shanu daga arewa ya dube ni ya ce jam, Farfesa, wato lafiya da Fulatanci, ya juya ya tafi.

Abin da ya faru shi ne, a makonnin ƙarshe na aikinta motocin arewa, na wajen Mindif, ne suka fi shigowa, kuma yawancinsu bijimai ne. Su ne a ƙasan shafi. Duk tsutsar da na koro ƙasa a kansu ta sauka. Ba tsutsa kaɗai ba.

Malaminta mutum ne mai bin diddigi. Da ya ga sakamakon sai ya sa ta buɗe shafin a gaban aji, ya ce a ware masa dabbobin da aka samu da ciki, a nuna masa jinsinsu. Aka ware. Bijimai ne, Malam Edita. Bijimai riƙaƙƙu masu tozo, layi bayan layi, kowanne ɗauke da juna biyu. Ta gaya wa uwarta cewa ajin ya fashe da dariya har wani ya faɗo daga benci, amma malamin bai yi dariya ba. Ya ce ya san irin wannan aiki, na ɗaliban da ke zama a gindin bishiya su cike gidajen da ka ne, ba su taɓa taka abatuwa ba. Ya ce ta kawo takardun da ta cike da hannunta, in ba haka ba zai kai maganar gaba a matsayin ƙirƙirar bayanan ƙarya, kuma hukuncin wannan ba maimaita aji ba ne, kora ce. Yarinyar da ta yi wata da watanni tana tsoma hannu cikin abin da ni ubanta na kasa kallo, ita aka kira maƙaryaciya.

Ta dawo gida ta wuce zaure kai tsaye. Lungu wayam. Ta tambaye ni, na ce ai ta ce ta gama da su. Ta juya ta shiga ɗaki. A nan ne na yi abin da har yau idan na tuna nake jin kamar tsutsar nan ce ke tafiya a bayan hannuna. Na riga na gane. Tun da aka ambaci bijimai masu ciki na san hannun wa ke ciki. Amma na buɗe baki na ce waɗannan injinan ba su da amana, wataƙila ɗauke wutar da ake yi ne ya rikita shi, ko kuma wata ƙawarta ce mai hassada. Na zauna ina cin tuwo ina ɗora wa 'yar mutane laifi. Kwanaki ina kallon Auta tana ramewa, ta daina fita, ta ninke farar rigarta ta sa a ƙasan akwati, ta ce wa uwarta ita ta haƙura da karatun. Ni kuma ina fita kasuwa ana ce mini Farfesa ina amsawa. Na taɓa shaƙar tumbin da ya kwana a rana, na taɓa fiɗe saniyar da ƙurji ya cinye, amma ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda na ji ƙyamar kaina a kwanakin nan ba.

Auta ce ta kawo ƙarshen abin. Wata safiya ta fito da kwamfutar ta ajiye a gabana, ta durƙusa kamar mai gaisuwa, ta riƙa jan shafin a hankali daga sama zuwa ƙasa. Sifirai, sifirai, sifirai, sannan ɗayoyi a tsibe wuri guda. Ta ce Baba, wuta ba ta jera abu haka, mai hassada ma ba ta da wannan tsabta. Ta ce ita dai tun tana ƙarama ta san tebur ɗaya tak a Garwa da ake ware mai kyau sama, mai shakku ƙasa. Ba ta ɗaga ido ta dube ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi ƙoƙarin in ce ai gyara na yi, sai ta tambaye ni, idan na tara hantar shanu goma a faranti ɗaya, zan iya mayar wa kowace saniya tata? Na ce ba mai iyawa. Ta ce to shi ke nan abin da na yi.

Na sa babbar riga na tafi makarantar. Na shirya jawabi da Faransanci tun daga gida, amma da na tsaya gaban malamin, yaro ne sa'an ɗana na uku, Faransancin ya gudu ya bar ni, sai da Fulatanci da Hausa na yi bayani. Ya sa na nuna masa da hannuna yadda na yi. Na kama ɓeran, na danna, akwatin tambayar ya fito, ya ce in karanta masa. Na karanta kalma biyu na tsaya. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce ya janye maganar ƙarya, kuma zai faɗa a gaban ajin da ya faɗi ta farko. Amma ya ce aiki ya mutu, ba takarda, ba kwafi na biyu, kuma ita ma da laifinta, don mai ƙirga ba ya miƙa sakamakon da ya ba shi mamaki sai ya koma ya duba. Sai ta sake daga farko. 'Yan ajinta suka wuce, ita ta zauna.

Zagaye na biyu tare muka yi, da damina, abatuwa ta yi caɓi, jini da kashin shanu har idon sawu. Aikina shi ne in ɗaura wa kowace hanta lamba irin ta dabbarta, in riƙe ta a hannu har Auta ta zo ta tsaga. Ni da na yi shekaru ina raba saniya da kayan cikinta, na koma mai gadin kada su rabu. Abokan sana'a suka samu abin yi. Wannan ya ce Farfesa, a duba mini bijimin nan ko ya kusa haihuwa, wancan ya ce a kira ungozoma. Na ga tsutsa a watannin nan har na daina cin hanta, kuma har gobe ba na ci. Na daina yanke gefe in sayar da saura, mai cuta ramin likita take tafiya gaba ɗayanta. Sakamakon gaskiya da ya fito bai yi wa dillalan Lagdo daɗi ba, waɗanda suka sa mini albarka suka zo suka karɓe abarsu. Ita kuwa Auta ta koyi ajiye aikinta wuri uku, ta kulle kwamfutar da kalmar sirri, takardunta kuma a akwatin uwarta suke kwana, da kwaɗo.

Abin da nake son in gaya wa 'yan uwana dattawa, musamman masu aji biyar irina, shi ne wanda bai yi boko ba sam ya fi mu aminci, don shi ba zai taɓa ba. Mu ne masifa, mun san inda maɓalli yake, ba mu san abin da yake yi ba. Idan ɗanka ya bar aikinsa a buɗe, ka wuce kamar ka ga tukunyar wani a wuta. In kuma hannunka ya riga ya yi ɓarna, ka faɗa a ranar, don ɓarnar da na yi da yatsa ta ci wa 'yata shekara, amma shirun da na yi ya kusa cin mutuncinta. Ku kuma ɗalibai, layin da ya kwanta rai guda ne, kada ku bari a yanka shi. Ku ja shafinku har ƙasa ku gani da ido kafin ku yarda da sanduna masu kyau. Kuma kada ku ajiye takarda inda mahauci zai gan ta.

Da aikin ya karɓu daga baya, muka yi 'yar walima a gida, 'yan uwa da maƙwabta suka cika tsakar gida. Na ci na ƙoshi, hali kuma ya motsa. Na ɗaga rahoton sama ina juya shi, na ce wa jama'a in ana maganar gaskiya ya kamata a sa sunana a bangon nan, tunda ba ƙaramar gudummawa na bayar ba, kuma ba kowane uba ne zai iya abin da na yi ba. Uwargidana tana raba fura, ko juyowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Wannan gaskiya ne, Malam, a sa mana. Duk faɗin Garwa wa ya taɓa sa bijimi ya ɗauki ciki in ba kai ba?"

Na ajiye rahoton a hankali, na nemi butata.